Ina so in ba mahaifina ɓangaren hantata: yaya girman haɗarin yake?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 61, hantarsa ta taurare har ruwa ya fara taruwa a cikinsa. Likitoci sun ce dashe ne mafita, kuma rukunin jinina ya dace da nasa. Ni mace ce, shekarata 33, 'ya'yana biyu. An ce mini hanta tana sake tsirowa, don haka babu abin damuwa. Gaskiya ne? Me bincike ya nuna game da lafiyar wanda ya bayar?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Maganar cewa hanta tana sake girma gaskiya ce, amma wanda ya ɗora da "babu abin damuwa" rabin zance ya gaya miki. Cire ɓangaren hanta yana cikin manyan ayyukan tiyatar ciki, kuma a nan mai ƙoshin lafiya ake yi wa, wanda aikin ba zai ƙara wa jikinsa komai ba. Ƙoda biyu ce, in ta gaza kuma akwai na'urar wankin ƙoda. Hanta ɗaya ce, kuma babu na'urar da ke riƙe aikinta na dogon lokaci. Idan abin da aka bar wa mai bayarwa bai ishe shi ba a makonnin farko, sai dai shi ma a nemo masa hanta.

Bari mu fara da alƙaluma. A 2013 Yee Lee Cheah da abokan aikinsa sun buga sakamakon tambayoyin da aka aika wa cibiyoyin dashe na duniya. Cibiyoyi 71 suka amsa, da bayanin mutum 11,553 da suka ba da ɓangaren hanta. Mutum 23 sun rasu, wato kusan 2 cikin 1,000. Biyar sai da aka yi musu dashe su ma. Kashi 24 cikin ɗari sun gamu da wata matsala, kuma kusan 1 cikin 100 sun shiga halin da saura ƙiris a rasa su amma suka tsira. A lura cewa kimanin rabin cibiyoyin da aka tuntuɓa ne kawai suka amsa, kuma asibitin da aka yi wa rasuwa ba shi ke gaggawar cike irin wannan takarda ba. Taron masana da aka yi a Vancouver ta Kanada a 2005 ya raba haɗarin gida biyu: wanda ya ba da ɓangaren dama, kusan 1 cikin 200, wanda ya ba da na hagu, kusan 1 cikin 1,000. Wani binciken na Amurka da ya fito a 2012 ya bi mutum 4,111 da suka bayar daga 1994 zuwa 2011, ya sami mutuwa 1.7 cikin 1,000 a kwana 90 na farko, amma waɗanda suka tsallake wannan zangon tsawon rayuwarsu bai bambanta da na sauran masu lafiya ba. Don ki sami ma'auni, a ba da ƙoda haɗarin kusan 3 ne cikin 10,000.

Game da matsalolin da ba su kai ga mutuwa ba, binciken da na fi ba nauyi shi ne wanda ake kira A2ALL, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 2002 a cibiyoyi tara. A rahoton 2012, cikin mutum 740 da aka kammala yi wa aikin, kashi 40 cikin ɗari sun sami aƙalla matsala ɗaya. Adadin ya fi kashi 24 ɗin can ne saboda an bi mutanen ana rubuta komai, ƙanana da manya. Rahotonsu na 2008 a kan mutum 393 ya nuna yadda abin ya kasu: shigar ƙwayar cuta kusan kashi 12, yoyon ruwan matsarmama kashi 9, ƙaba a wurin ɗinki kashi 6, taruwar ruwa a gefen huhu har sai an zuƙe kashi 5, sagewar hannu ko ƙafa saboda daɗewa kwance a kan teburin tiyata kashi 4, komawa ɗakin tiyata kashi 3. Kashi 95 na matsalolin sun warware cikin shekara guda. To ki sa a ranki cewa mutum ɗaya cikin uku, ko fiye kaɗan, zai ɗan sha wahala, galibi irin wadda ake magancewa.

Waɗannan alƙaluman na taron jama'a ne. Naki haɗarin ya dogara da abin da gwaji zai nuna, kuma mafi yawan abin da ke raba wanda ya tashi lafiya da wanda ya shiga uku ana yanke shi ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Hantar babban mutum tana da nauyin kilo 1.2 zuwa 1.5, kuma likitocin tiyata sun kasa ta yanki takwas, kowanne da jijiyoyinsa da bututunsa. Yanki na 2 da na 3 su ne gefen hagu, kusan kashi 20 na hantar, kuma su ake ba ƙaramin yaro. Da su aka fara: an gwada a Birazil a 1988, aka yi nasarar farko a Ostareliya a 1989 daga uwa zuwa ɗanta. Yanki na 2 zuwa na 4 su ne cikakken ɓangaren hagu, kashi 35 zuwa 40. Yanki na 5 zuwa na 8 su ne ɓangaren dama, kashi 60 zuwa 65. Babban mutum kamar Baba galibi na dama yake bukata, abin da aka fara yi wa manya a Hong Kong a 1996. Ma'ana, kusan biyu bisa uku na hantarki ake magana a kai.

Lissafi biyu ake yi a lokaci guda, kuma dole dukansu su fita. Na farko na mai karɓa ne: nauyin abin da za a dasa masa kada ya gaza kashi 0.8 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Na biyu naki ne: abin da zai rage miki kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na duka hantar, cibiyoyi da yawa ma 35 suke nema idan shekaru sun ja ko akwai ɗan kitse. A ce Baba kilo 70 ne. Yana bukatar aƙalla giram 560. A ce hoton CT ya nuna hantarki mililita 1,200 ce, dama 780, hagu 420. Shi zai sami kusan kashi 1.1 na nauyinsa, ke za a bar miki kashi 35. Lissafi ya fita. Amma a ce wannan hantar dai ta rabu dama 870, hagu 330. In an ɗauki dama, kashi 27.5 ne zai rage miki, bai kai ba. In an ɗauki hagu, Baba zai sami ƙasa da kashi 0.5, bai ishe shi ba. A nan amsar a'a ce, komai dacewar jini, komai ƙarfin niyya. Haka kuma hoton yakan ɗan zuzuta girman ɓangaren da kusan kashi 10, domin yana auna shi ne da jinin da ke ciki, don haka ƙwararru sukan rage wannan kafin su yanke shawara. Ki roƙi a nuna miki waɗannan lambobi a rubuce.

Dalilin da ya sa ake tsoron ƙaramin ɓangare shi ne duk jinin da ke fitowa daga hanji da saifa ta babbar jijiyar nan da ake kira fotal dole ya ratsa ta hanta. In hantar ta yi ƙanƙanta, jinin yana shiga da ƙarfin da ya fi ƙarfinta, ya ɓarke ƙananan hanyoyin da ke cikinta, jijiyar da ke kawo jini mai iska kuma ta tsuke. Sai a ga shawara ta ƙi sauka, ruwa yana taruwa a ciki, jini ba ya daskarewa da wuri, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Wannan kan faru ga mai karɓa, kan kuma faru ga mai bayarwa. Cibiyoyin Japan, musamman ta Kyoto, sun yi ta ƙoƙarin komawa ga ɓangaren hagu don sauƙaƙa wa mai bayarwa, har suna karɓar kashi 0.6 na nauyin jikin mai karɓa, sai su rage ƙarfin jinin da ke shiga hantar mai karɓa ta hanyar ɗaure jijiyar saifa ko cire saifar gaba ɗaya, har awon ƙarfin jinin jijiyar fotal ya sauka zuwa 15 ko ƙasa. Haɗarin aka ɗauke daga kan mai lafiya aka ɗora wa mara lafiya, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa ya zauna. A Koriya ta Kudu kuma, asibitin Asan ya fito da wata dabara a 2000 ta ɗaukar ƙananan ɓangarori daga mutum biyu a haɗa wa mutum ɗaya.

Bayan girma sai inganci. Kitse a hanta yana rage mata ƙarfin sake girma, kuma mutum na iya samunsa ba tare da ƙiba ta fito fili ba. Ana son ya kasance ƙasa da kashi 10 idan ɓangaren dama za a cire. Ana auna shi da hoton MRI, in akwai shakka a ɗebo ɗan tsokar hanta da allura a duba. Mutuwar mai bayarwa ta farko a Japan, a 2003, ta haɗa abu biyu ne: kumburin hanta mai kitse da ba a gano ba, da ragowar da ta yi ƙanƙanta. Kitsen yana sauka idan an rage nauyi na 'yan makonni ta hanyar abinci da motsa jiki, sannan a sake auna.

Akwai abin da ya shafe ki musamman, kasancewar ke 'yarsa ce: me ya lalata hantar Baba? Idan cutar hanta nau'in B ce, tana yawo cikin iyali, don haka za a duba ki da kyau. Wanda ke ɗauke da ƙwayar a jininsa galibi ba a karɓarsa. Wanda ya taɓa kamuwa ya warke, wasu cibiyoyin suna karɓa, amma sai an ɗora mai karɓa a kan maganin kariya. Idan kitse da ciwon suga ne, su ma suna bin jini. Akwai kuma cututtukan gado kamar cutar Wilson mai tara tagulla a jiki, da mai tara sinadarin ƙarfe, waɗanda ake nema da gangan. Sauran gwaje-gwajen sun haɗa da cutar hanta nau'in C da HIV, aikin ƙoda, awon zuciya da huhu, da gwajin saurin daskarewar jini na gado. A binciken A2ALL, cikin mutum 1,011 da suka gabatar da kansu, kashi 40 ne kawai aka karɓa. In an ce ba ki dace ba, kina cikin mafi rinjaye.

Sai tsarin bututu da jijiyoyi, inda mutane suka sha bamban ƙwarai. Kusan rabin jama'a ko fiye kaɗan ne bututun matsarmamarsu ya bi tsarin da ke cikin littafi. A wasu, bututun da ke kwaso ruwa daga bayan ɓangaren dama yakan tsallaka ya shiga bututun hagu. Likitan da bai san da wannan ba zai iya yankawa a inda bai kamata ba. Shi ya sa ake ɗaukar hoton bututun da MRI kafin aiki, a kuma sake ɗauka da rini a lokacin aikin kafin a yanke. Tazarar milimita biyu ko uku ce ke da hukunci a nan: in an matsa wajenki da yawa, bututun da ya rage miki zai iya tsukewa bayan watanni, in an matsa wajen Baba, a fito da ramuka biyu ko uku ƙanana masu wuyar ɗinki. Haka jijiyar tsakiya cikin ukun da ke fitar da jini daga hanta: yawancin cibiyoyi suna bar wa mai bayarwa ita don kada yanki na 4 ya cushe da jini, sai a yi wa rassanta da suka wuce milimita 5 sabuwar hanya a jikin ɓangaren da aka cire. Wani lokaci sai an buɗe ciki a ga abin da hoto bai nuna ba, a fasa aikin a rufe. Hakan kan faru ga mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kuma alama ce ta likitan da ya san aikinsa.

Aikin kan ɗauki awa biyar zuwa takwas, ana kuma cire matsarmama tare. Za ki kwana ɗaya a sashen kulawa ta musamman, washegari a tashe ki tsaye ko da kina jin ciwo. A kwana biyu zuwa uku na farko gwajin hanta zai hau, ido na iya ɗan yin rawaya, sinadarin fosfet zai faɗi a jini saboda hantar tana zuƙarsa wajen gina kanta, sai a ƙara miki. Duk wannan ana sa ransa. Abin da ke tayar da hankali shi ne lambobin su ci gaba da hawa bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko mutum ya fara ruɗewa.

Wani tarko da ya kamata ki sani: gwajin jini a kwanakin nan yakan nuna kamar jinin ya tsinke, alhali a zahiri ya fi saurin yin guda. Gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe huhu yana cikin manyan abubuwan da suka kashe masu bayarwa. Saboda haka ake yin allurar hana daskarewar jini, ake sa safa mai matse ƙafa, ake tilasta tafiya. In kina shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, za a ce ki dakatar mako huɗu zuwa shida kafin aiki, mai shan taba ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara wannan shiri tun ranar da aka fara gwaji.

Galibi ana sallama bayan kwana biyar zuwa bakwai. A gida, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, rawayar ido, ruwa mai launin kore ko rawaya daga ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, kowanne dalili ne na komawa asibiti a ranar, ba gobe ba. Yoyon matsarmama yakan fito ne daga fuskar da aka yanka, yawanci ya tsaya da kansa in akwai robar da ke fitar da ruwan, in ya ƙi sai a zura bututu mai kyamara ta baki a sa ɗan bututun roba a hanyar. Kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako shida zuwa takwas, kuma wannan ya haɗa da ɗaukar yaro, don haka ki tanadi mai taya ki. Farasitamol kada ya wuce giram 2 a rana a makonnin farko, kuma kada ki sha wani haɗin ganye ko saiwa da likitanki bai sani ba. Komawa aiki kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, gajiya kuwa takan kai wata uku.

Sake girman yana da sauri a makon farko, sannan ya lafa. A ma'aunin A2ALL, bayan wata uku hantar masu bayarwa ta kai kusan kashi 80 na girmanta na asali, kuma da yawa ba sa komawa ɗari cif, ko da yake aikinta yana daidaita tun kafin nan. Ɓangaren da aka cire ba ya dawowa da jijiyoyinsa. Wanda ya rage ne ke kumbura ya cike gurbin. Saifa kan ɗan ƙara girma, ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini kuma kan zauna ƙasa da yadda suke a da har shekaru, galibi ba tare da wata illa ba. Wasu kan yi gudawa bayan cin maiƙo saboda rashin matsarmama. Ƙaba kuwa takan ɓullo har bayan shekara guda.

Ɓangaren zuciya shi ne aka fi rainawa. A wani rahoton A2ALL na 2007, kusan kashi 4 na masu bayarwa sun shiga matsalar damuwa ko makamanciyarta, uku daga ciki mai tsanani ƙwarai. Yawanci masu bayarwa sun ce ba su yi nadama ba, amma abin yakan yi nauyi idan mai karɓa bai rayu ba. Ki tambayi kanki tun yanzu yadda za ki ɗauki hakan, domin dashe ba ya ba da tabbaci. A shekara 61 sai an tabbatar zuciyar Baba da huhunsa za su ɗauki aikin. In za su ɗauka, amfanin a gare shi babba ne: wani bincike na Amurka na 2022 ya nuna cewa masu maki 11 ko sama a ma'aunin tsananin ciwon hanta na MELD sun sami ƙarin shekaru 13 zuwa 17 na rayuwa in aka yi musu dashe daga mai rai, idan aka kwatanta da zama a layin jira.

Zaɓen asibiti yana da nauyi daidai da duk gwaje-gwajen nan. A2ALL ta nuna sakamako yana gyaruwa sosai bayan cibiya ta yi aiki 20, kuma manyan cibiyoyi a Koriya ta Kudu, Indiya da Turkiyya suna yin ɗaruruwa a shekara. Ki tambaya kai tsaye: guda nawa suke yi a shekara, ko sun taɓa rasa mai bayarwa, wa ke duba ki da dare bayan aiki, kuma in hantarki ta gaza, wane tanadi suke da shi na samo miki wata cikin gaggawa. Tiyatar ƙananan ramuka da kyamara, wadda aka fara ba da rahotonta daga Faransa a 2002, da ta mutum-mutumi da asibitin Sarki Faisal na Riyad ya yi fice a kanta, suna rage ciwo da girman tabo. Amma yankan da ake yi wa hantar ɗaya ne, kuma kyawawan sakamakon da ake bugawa daga hannun waɗanda suka daɗe suna yi suka fito. Buɗe ciki a hannun gwani ya fi kyamara a hannun mai koyo.

Ya kamata a ware miki likita ko jami'in da ba ya cikin masu kula da Baba, wanda ke kaɗai yake karewa, kuma ku gana ba tare da dangi ba. Kina da ikon janyewa har zuwa lokacin da za a sa miki maganin barci, kuma cibiyar kirki za ta gaya wa iyali cewa ba ki dace ba kawai, ba tare da bayyana dalili ba. Sanarwar Istanbul ta 2008 ta yi tir da cinikin sassan jiki, don haka duk inda aka fara maganar kuɗi a kan hantar kanta ko aka gaggauta ki sa hannu, ki ja da baya.

In kina da niyyar ƙara haihuwa, ba da hanta ba ya hana ta, amma ana so a jira wata shida zuwa shekara guda, har hantar da bangon ciki su warke. Bayan aiki a duba ki a wata na shida, da shekara ɗaya, da shekara biyu aƙalla, daga nan gwajin jini na hanta sau ɗaya a shekara ya wadatar in komai lafiya. Ki karɓi kwafin rahoton tiyatar ki adana, domin duk likitan da zai duba cikinki nan gaba yana bukatar sanin wane ɓangare aka cire da yadda aka bar bututun.